Amsa: Witcher 3 ya cancanci a saya har yanzu?

Ɗan uwa ka tambaya ko wasan bidiyo na Witcher 3 ya cancanci kuɗinka tunda tun 2015 ya fito, to ni dai na ce ka saya kawai. Ba faɗan takobin ne ya kama ni ba, labarin ne. Kai ne Geralt, maharbin dodanni, kana neman Ciri, 'yar riƙonka, amma kafin ka ganta sai ka tsinci kanka a yankin Velen cikin rikicin gidan Bloody Baron, mashayin da ke dukan matarsa, wallahi sai ka rasa ko ka tsane shi ko ka tausaya masa, kuma zaɓin da ka yi can baya sai ya dawo maka bayan ka manta ma ka yi shi. Ko kwangilar kashe dodo a ƙauye tana da nata labarin, ka bi sawu, ka shafa wa takobin azurfa man da ya dace. Ga Gwent, wasan kati ne a ciki, na taɓa raba dare a kansa har aka ɗauke wuta. Dokin Geralt, Roach, dai sai haƙuri, kullum a maƙale a shinge. Ka nemi wanda ke haɗe da Blood and Wine, ƙarin labarin wasan da aka fitar daga baya.