Likita na amsa tambayoyinku: hazo, hayaƙi da na'urorin auna iska

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ɗana ɗan shekara 7 yana da asma, kuma da hunturu ya shigo sai ta tashi. An ce akwai lambar da ake dubawa a waya a san ko iskar gari tana da kyau. Gaskiya ne? (Wata uwa daga Kano)

Amsa: Gaskiya ne, Hajiya, Allah ya ba yaro lafiya. Lambar tana fitowa ne daga tashoshin auna iska, wato na'urorin da ake kafawa a kan rufin gini ko bakin titi, suna zuƙar iska dare da rana suna auna dattin da ke cikinta. Wanda ya fi tayar mana da hankali shi ne ƙurar da ake kira PM2.5, wadda silin gashi ya fi ƙwayarta kauri wajen sau 30. Ƙura mai gwaɓi hanci ke tare ta, a fyace ta fita. Ita wannan wucewa take har can ƙasan huhu. Hazon hunturu, wanda galibinsa iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, cike yake da ita.

A ma'aunin da yawancin manhajoji ke bi, 0 zuwa 50 kore ne, lafiya lau. Idan ya haura 100, masu asma da tsofaffi da masu ciwon zuciya su yi hattara. Ya wuce 150 kuwa ja ne, ya shafi kowa. A irin wannan rana a haƙura da ƙwallo a waje, a rufe tagogi, abin shaƙarsa kuma ya kasance cikin jakar makaranta. Sai dai tashoshin ba su da yawa a garuruwanmu, don haka wata sa'in lambar ƙiyasi ce kawai daga tauraron ɗan'adam. In kika ga ƙirjinsa yana lotsawa ko ya kasa ƙarasa magana don haki, ku tafi asibiti ko da wayar ta nuna kore.

Tambaya: To mene ne amfanin aunawar, tunda na'ura ba ta share iska? (Wani malami daga Zariya)

Amsa: Malam, ai ko awon hawan jini ba ya saukar da jini, amma da shi ake ba da magani. A 2008 ofishin jakadancin Amurka a Beijin ya fara wallafa awon PM2.5 a Twitter kowace awa. Mutanen birnin suka ga lambar da idonsu, surutu ya yi yawa, zuwa 2012 hukumomin Sin suka fara fitar da nasu awon, daga baya aka matsa wa masana'antu masu ƙona kwal. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idarta ta 2021, ta ce kada matsakaicin PM2.5 na shekara ya wuce maikirogiram 5 a kowace kubik mita ta iska, wato iskar da za ta cika akwati mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi. Garin da ba ya awo, da me zai san inda ya tsaya?

Tambaya: Muna shiga da gawayi ɗaki saboda sanyi, janareta kuma a zaure yake. Manhajar za ta gargaɗe mu? (Magidanci daga Maraɗi)

Amsa: Ko kusa. Tasha iskar titi take aunawa, ba ta san abin da ke ɗakinka ba. Gawayi da janareta suna fitar da iskar kabon monoksaid, ba launi ba wari. Tana farawa da ciwon kai da jiri, mutum ya kwanta barci bai farka ba. Ka fitar da janaretan waje, nesa da taga, gawayi kuma kada ya kwana a ɗaki rufe.

Tambaya: Ni ɗan acaɓa ne, rawani nake rufe hanci da shi. Ya isa? (Daga Katsina)

Amsa: Ya fi babu, amma ƙananan ƙwayoyin suna ratsa yadi. Nemi takunkumin N95 wanda zai kama hanci da haɓa sosai, ka canza shi da zarar ya yi datti ko numfashi ya fara yi maka nauyi a ciki.