Amsa ga mai son ƙara wa i5-9600K gudu ba tare da ya lalata shi ba

Ɗan'uwa, ka ce kana da furosesa Core i5-9600K a kan madabod mai Z390, kana so ka ƙara masa gudu amma kana tsoron ƙona shi, kuma kana neman ta inda ake farawa. Kayanka sun dace da aikin. Harafin K shi ne alamar cewa Intel ba ta kulle lambar ninkin furosesan ba, jerin Z kuwa shi ne madabod da ke barin a taɓa ta. Da madabod mai H310 ko B360 gare ka, da magana ta ƙare a nan. Abin da ba ka faɗa mana ba shi ne irin masanyayin da ke kansa, alhali shi zai yanke rabin hukuncin. Wannan furosesa ba ya zuwa da masanyayi a kwalinsa, don haka ko ka saya daban ko an haɗa maka. Idan ƙaramin nan ne mai fanka a kwance, ka dakata har ka samu mai tsayi da bututun tagulla huɗu ko fiye, ko na ruwa.

Lissafin gudun ba shi da wuya. Akwai agogon tushe da ke bugawa a 100 MHz, sai a ninka shi da wata lamba. Naka yana da 37 a matsayin tushe, wato 3.7 GHz, yana hawa da kansa zuwa 46 idan ƙwaya ɗaya (core, wato sashen furosesa mai yin lissafi) ce ke aiki, ya tsaya a 43 idan duk ƙwayoyin shida sun ɗauki nauyi. To abin da kake nema shi ne ka ɗaga wannan 43 ɗin zuwa 47, 48, 49, ko 50 idan kana da rabo. Daga 4.3 zuwa 4.9 ƙarin kusan kashi 14 cikin ɗari ne, kuma a wasanni ba lallai ka ga duka ba, musamman idan katin hotonka ne ke riƙe tafiyar. Gara ka san haka tun yanzu. Agogon tushe kuwa kada ka taɓa shi, domin yana jan RAM da wasu sassa tare da shi, sai ka rasa wanne ne ya kawo matsala.

Gudun kansa ba shi ke lalata furosesa ba. Idan ka nemi gudun da ya fi ƙarfinsa, kwamfuta za ta daskare ko ta mutu ta tashi, shi ke nan. Abin da ke yin ɓarna shi ne ƙarfin wutar da za ka ƙara masa don ya iya riƙe gudun, da zafin da ke biyo baya. Zafi yana hawa daidai da gudu, amma a wajen wuta ninki yake yi a kan kansa. Ka ɗaga daga 1.20V zuwa 1.35V, a ido ƙarin bai kai kashi 13 ba, amma zafin da za a fitar ya ƙaru da kusan kashi 27. Ka haɗa da ƙarin gudun nan na kashi 14, ka doshi kashi 44. Shi ya sa mutum zai ga matakin farko da na biyu sun wuce lafiya, na huɗu kuma ya jefa shi cikin digiri 95.

Don haka tun kafin ka shiga BIOS, wato shafin saitin madabod, ka yanke wa kanka iyaka biyu, ka rubuta su a takarda. Nawa a wannan jerin furosesa su ne 1.35V na amfanin kullum, da digiri 85 a lokacin gwaji mai tsanani. Za ka ji masu cewa 1.40V ma ba komai, ni dai ban ga ribar da ta kai a yi kasadar ba. Amfanin rubutawar shi ne, in ka kai 4.9 kana hangen 5.0, zuciya za ta riƙa ce maka ɗan ƙari kaɗan ne ya rage, kuma a wannan lokacin ba a yanke shawara mai kyau. Furosesan yana da kariyarsa daga zafi: da ya kai digiri 100 zai rage gudu da kansa, in abin ya ci tura ya kashe kwamfutar. Amma ba abin da zai kare shi daga wutar da kai ka rubuta da hannunka. Ɓarnarta kuma a hankali take zuwa. Bayan watanni sai ka ga gudun da yake riƙewa a 1.30V yanzu sai da 1.33V, kuma abin da ya zaizaye ba ya dawowa. Ko kamfanonin ma abin ya taɓa su. A 2024 Intel ta amince cewa wutar da ta wuce kima ce ke tsufar da wasu furosesocinta na zubi na 13 da 14, har ta fitar da gyara ta BIOS ta ƙara musu garantin shekara biyu. A 2023 kuma wasu furosesocin AMD, Ryzen 7000X3D, sun ƙone saboda wutar SoC, wato wutar sashen da ke kula da RAM da makamantansa, AMD ta ƙayyade ta a 1.3V. Ka kuma lura, 1.35V ɗin da na faɗa na irin furosesanka ne. Kada wani mai Ryzen ya karanta ya kwafa.

Shirin farko. Ka kwafe muhimman fayilolinka zuwa wani wuri, domin kwamfutar da ta mutu tana cikin rubutu tana iya ɓata fayil ko Windows ɗin kansa. Idan BitLocker, makullin fayiloli na Windows, a kunne yake, ka ajiye mabuɗin farfaɗowa a kusa, sauyin BIOS kan sa ya tambaye shi. Ka buɗe littafin madabod ka gano inda ake share CMOS, wato mayar da saitin BIOS na asali. In za ka sabunta BIOS, yanzu ne lokacin, ba bayan ka taɓa gudu ba. Sai ka sauke HWiNFO64 mai nuna zafi da wuta, da Cinebench R23 da OCCT masu ɗora wa furosesa nauyi don gwaji, duk ana samunsu kyauta. Ka kunna Cinebench na minti goma ba tare da ka canza komai ba, ka rubuta makin da ka samu, mafi girman zafi, da Vcore, wato ƙarfin wutar da ke shiga furosesa, yayin da aikin ke gudana. Idan tun a nan ka ga digiri 80, babu filin hawa. Ka share ƙura, ka sake shafa man zafi, ka duba ko masanyayin ya zauna daidai, sannan a yi magana.

RAM kuma harkarta daban. Idan XMP, saitin da ke ƙara wa RAM gudu, a kunne yake kuma ka daɗe kana aiki da shi lafiya, bar shi. Idan ba ka taɓa kunna shi ba, kada ka haɗa shi da ƙarin gudun furosesa rana ɗaya. Ka gama da ɗaya, ka tabbatar, sannan ka koma ɗayan. Ƙa'idar da ta fi kowace amfani a wannan aiki ke nan: abu ɗaya ake canzawa a lokaci ɗaya.

Yanzu BIOS, da Del ko F2 yayin tashi. Sunayen sun bambanta tsakanin kamfanoni, amma za ka ga CPU Core Ratio ko CPU Ratio ko makamancinsu. Ka zaɓi a haɗa duk ƙwayoyin a lamba ɗaya, ka sa 46. Sai ka nemi CPU Core Voltage, ka cire shi daga Auto zuwa Manual ko Override, ka sa 1.25V. Kada ka bar shi a Auto. Madabod ba ya son a ce ya gaza, don haka da ka ɗaga ninki sai ya zuba wuta fiye da yadda ake buƙata, kuma na sha ganin Auto ya haura iyakar da na faɗa a gudun da bai kai ya kawo ba. Maɓallan nan na ƙarin gudu da dannawa ɗaya ma halinsu ke nan. Ka kuma natsu wajen rubuta lambar. Akwai layukan wuta da yawa jere da juna, na RAM, VCCIO, VCCSA, kuma ba su kake nema ba. Da ka danna F10, yawancin madabod za su nuna maka jerin abin da ka canza kafin su adana. Karanta shi layi-layi, 1.25 da 1.52 ba su da nisa a yatsa.

Akwai wani saiti da ke rikita masu farawa, LLC. Idan furosesa ya ɗauki nauyi, wutar da ke isa gare shi takan ɗan sauka ƙasa da abin da ka rubuta, kamar yadda ƙarfin ruwa ke raguwa in aka buɗe famfuna da yawa lokaci guda. LLC yana rage wannan saukar. Mutane na ganin haka sai su kai shi ƙarshe, alhali matakin ƙarshe kan sa wuta ta yi tsalle sama da abin da ka sa a daidai lokacin da nauyi ya sauka, tsallen da manhajar awo ba ta iya kamawa. Matsakaici ya isa. Ka duba littafinka domin lambobin ba hanya ɗaya suke bi ba: a ASUS babbar lamba ce mafi ƙarfi, a MSI da ASRock kuwa lamba 1 ce. Sannan ka ɗaga iyakar wat, wadda aka fi rubutawa da Long Duration da Short Duration Power Limit, domin in tana kan wat 95 na asali furosesan zai iya rage gudu a tsakiyar gwaji ka zaci ya riƙe. Kariyar zafi kuwa kada ka kashe ta ko da wani ya ce maka tana rage maki.

Daga nan sai maimaici. Ka tashi Windows, ka buɗe HWiNFO64, ka yi Cinebench. Ya wuce, zafi na ƙasa da iyaka? Koma BIOS ka sa 47. Ya faɗi? Ƙara 0.01V ko 0.02V ka sake. Kowane zagaye ka rubuta ninki, wuta, zafi da maki. Wannan takardar ce za ta nuna maka bango. Da farko kowane mataki kan ci wuta kaɗan ko ma bai ci ba, sai a zo wani matakin da zai nemi 0.05V ko fiye don 100 MHz kacal. Nan ne furosesanka ya ce ya isa. Ka koma matakin da ke ƙasa da shi ka zauna. Bambancin 4.8 da 4.9 kashi biyu ne cikin ɗari, ba za ka ji shi a hannu ba, amma za ka ji ƙarar fanka. Kuma kada lambobin wasu su dame ka. Furosesa biyu masu suna ɗaya, daga masana'anta ɗaya, wani ya kai 5.0 a 1.30V, wani ya ƙi wuce 4.8 ko me aka ba shi. Harkar rabo ce, ba gwaninta ba.

Faɗuwa ba ta da fuska ɗaya. Shuɗin allo mai CLOCK_WATCHDOG_TIMEOUT ko WHEA_UNCORRECTABLE_ERROR galibi ƙarancin wuta yake nufi. Wadda ta fi haɗari ita ce mai shiru: komai na tafiya, amma a can ƙasan jerin HWiNFO64 layin WHEA, mai ƙirga kurakuran kayan kwamfuta da Windows ya gano, ya tashi daga sifili. Ko ɗaya ka gani, ba ka daidaita ba tukuna. Haka nan idan ka ɗaga ninki amma maki bai ƙaru ba, wani abu na rage gudu a ɓoye, ko zafi ko iyakar wat ko VRM, wato sassan madabod da ke kewaye da furosesa suna tace masa wuta. Su ma suna zafi, kuma masu masanyayin ruwa sun fi mantawa da su domin babu fanka da ke hura wajen.

Idan kwamfutar ta ƙi tashi gaba ɗaya, allo baƙi, fanka na juyi, kada hankalinka ya tashi. Yawancin madabod kan koma saitin asali da kansu bayan sun gwada tashi sun kasa. In bai yi ba, ka kashe, ka zare wayar wuta, ka share CMOS yadda littafin ya nuna, ko ka cire ƙaramin batirin CR2032 na 'yan mintuna ka mayar.

Cinebench na tantancewar farko ne kawai. Da ka zaɓi inda za ka tsaya, ka ba OCCT awa ɗaya, sannan Prime95, wata manhajar gwajin, na wasu awanni. A Prime95 gwajin Small FFTs da AVX (wani nau'in umarnin lissafi mai nauyi) a kunne yana fitar da zafin da kusan babu aikin yau da kullum da ke kai shi. Ni nakan fara da AVX a kashe, daga baya in kunna na ɗan lokaci ido na kan zafi. Wasu kan sa AVX Offset na 1 ko 2 don gudu ya sauka a irin wannan aiki. Ba laifi ba ne, sai dai wasanni da yawa ma suna taɓa AVX, don haka za ka ga gudun na hawa da sauka, kuma 5.0 ɗin da ke rubuce a BIOS ya zama na suna. Na fi son lamba ɗaya da za ta riƙe komai. Bayan gwaje-gwajen sai ka yi kamar mako kana aikinka da wasanninka, domin akwai saitin da zai ci Prime95 ya faɗi a wasa. Ka kuma tuna duk digirin da ɗaki ya ƙara, furosesa ma ya ƙara. Idan a lokacin sanyi ka yi gwaji ka tsaya a 84, ka san ba ka bar wa lokacin zafi wuri ba.

In komai ya zauna, za ka iya mayar da wutar daga Manual zuwa Adaptive don ta riƙa sauka idan kwamfuta ba ta aikin komai, amma ka sake duba Vcore a ƙarƙashin nauyi bayan sauyin, domin ba koyaushe yake fitowa daidai da abin da ka sa ba. Garanti kuwa, Intel ba ta ɗaukar ɓarnar ƙarin gudu, ko da yake furosesan da ya fito a 2018 da garantin shekara uku, da wuya naka ya rage.

Ga masu bin maganar da wasu kayan: sababbin Ryzen da sababbin Intel sun riga sun hau kusa da iyakarsu tun daga kamfani, don haka a kansu an fi cin riba da rage wuta, kamar saitin Curve Optimizer a ɓangaren AMD. Laftof kuma a bar shi yadda yake, ba shi da wurin fitar da ƙarin zafi.

Kai dai ka fara da gwajin farko ba tare da canza komai ba, ka turo mana sunan masanyayinka da na madabod ɗin, da maki, zafi da Vcore da ka gani. Da su za mu san ko 46 a 1.25V ne ya dace ka fara da shi, ko sai an gyara sanyaya tukuna.