Amsa ga malamar da ke son haɗa ɗalibanta da marubuta

Malama, sannu da ƙoƙari. Kin tambaya ko akwai hanyar da ɗalibanki na babbar sakandare za su san marubutan littattafan da suke karantawa, ba sunan da ke bangon littafi kawai ba. Akwai, kuma ba sai makaranta ta fitar da ko sisi ba. Ni ma Hausa nake koyarwa a nan cikin birni, na daɗe ina yin hakan.

Yawancin yaranmu sun ɗauka marubuci mutum ne da ya riga mu gidan gaskiya. Ba laifinsu ba ne, don wanda suka fi ji shi ne Abubakar Imam, shi kuwa tun 1981 ya rasu. Alhali Kano cike take da masu rubutu, maza da mata, wasu ma unguwarsu ɗaya da yaran.

Shawarata, kada ki fara da gayyatar marubuci makaranta. In ya zo yaran ba su karanta shi ba, sai a zauna ana kallon-kallo, a ɗauki hoto, a watse. Ki bari rubutun yaran ya riga shi isa. Ku karanta littafi ɗaya tare, kowa ya rubuta abin da ya gani, sai ki tsince masu ma'ana ki tura wa mai littafin ta WhatsApp ko Facebook. Yawancinsu suna can, wasu ma a nan suke sakin labaransu kashi-kashi.

Abin da na lura shi ne yabo ba ya jawo doguwar amsa. "Allah ya ƙara basira" sai dai a ce maka amin. Amma wata ɗalibata ta rubuta cewa ba ta yarda da yadda aka aurar da jarumar labari a babin ƙarshe ba, ta kawo hujjarta daga babi na uku. Marubuciyar ta aiko da saƙon murya mai tsawo, ta ce ita kanta sai da ta sauya ƙarshen kafin a buga. Da na kunna a aji, har masu gyangyaɗin baya suka miƙe zaune. Tun daga nan yaran suka fara kula da ƙa'idar rubutu, don sun san ba ni kaɗai zan gani ba.

In ba ki da lambar kowa, ki nemi reshen Kano na Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, wato ANA. Sun saba zaman karatu a ɗakin karatu na Murtala Muhammad, za su haɗa ki da wanda ya dace. Malaman sashen harsunan Nijeriya na Jami'ar Bayero ma suna taimakawa.

Sai dai komai ya bi ta wayarki. Kada ki ba yaro lambar marubuci, balle ki ba marubuci ta yarinya, kuma ki sanar da shugaban makaranta da iyaye tun farko. Ki karanta littafin da kanki tukuna, don ba duk abin da ke yawo a waya ne ya dace da aji ba. Wani marubucin zai yi shiru, hidima ta yi masa yawa. Ki gaya wa yaran haka kafin ki tura, sannan ki tanadi na biyu.