Me ya sa jarkar fetur take kumbura a rana, ta ruwa kuwa ko gezau?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗalibin sakandare ne a wani ƙauye kusa da Ringim. Yayana yana sayar da fetur a bakin titi. Da rana ta take sai jarkarsa ta kumbura, in an buɗe ta yi huci, alhali jarkar ruwan da ke gefenta tana nan yadda take. Malaminmu ya ce matsin tururi ne, amma ban gane ba.

Amsa: Ƙanena, malaminku ya yi daidai, bayanin ne ya gajarta.

Ruwa, fetur, kananzir, duk tarin ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, kuma ba sa zama wuri ɗaya. A kowane lokaci waɗanda ke sama-sama suna kuɓucewa su zama tururi, ko da ba a ɗora komai a wuta ba. In bakin jarka a buɗe yake, sun tafi ke nan. In a rufe yake, sai su taru a sararin da ya rage, wasu su riƙa komawa cikin ruwan. Ka ɗauki zaure ranar suna: wasu na shiga, wasu na fita, amma duk sanda ka leƙa yawan mutanen ciki bai sauya ba. Idan masu tashi da masu komawa suka yi kunnen doki haka, ƙarfin da tururin yake tura bangon jarka da shi, shi ne matsin tururi.

Abu biyu kawai ke yanke girmansa: irin ruwan, da zafinsa. Yawa ba ya ciki. Kwalba ɗaya da durom guda, in zafinsu ɗaya, matsinsu ɗaya. Nan ɗalibai suka fi faɗuwa a jarrabawa, sai ka riƙe.

Ƙwayoyin ruwa suna riƙe juna kam, na fetur kuwa riƙon sakainar kashi suke yi wa juna. A zafin digiri 20, matsin tururin ruwa kilofaskal (ma'aunin matsi) 2.3 ne, a digiri 40 ya kai 7.4. Ka ga zafin watan Afrilu ya ninka shi fiye da sau uku, amma har yanzu bai taka kara ya karya ba. Fetur a wannan zafin yana haura 50, gwargwadon haɗinsa. Iskar da aka rufe a ciki ita ma tana ɗan buɗewa da zafi, sai dai tururin fetur ne ke yin yawancin aikin.

Tafasa ma daga nan take. Ruwa yana tafasa ne idan matsin tururinsa ya kamo nauyin iskar da ke danne shi. A gaɓar teku, kamar Legas, nauyin nan kilofaskal 101.3 ne, ruwa kuma sai ya kai digiri 100 yake kamo shi. Kano tana kan tudu kusan mita 500, inda nauyin iskar ya ɗan ragu, saboda haka ruwan shayinmu yana tafasa a wajen digiri 98. A ƙololuwar dutsen Ebares, wanda ya fi kowane dutse tsawo a duniya, wajen 70 ya isa.

Ƙwayoyin da suka fi zafi su ne ke fara tserewa, shi ya sa abin da suka bari yake sanyi. Sirrin randa ke nan, kuma da shi marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Dutse, ya yi tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana tumatir da gauta, har ya ci lambar yabo ta kamfanin Rolex a 2000.

Ka gaya wa yayanka ya riƙa ajiye jarka a inuwa, kada ya cika ta maƙil, ya kuma sassauta murfin a hankali. Tururin fetur ya fi iska nauyi, bin ƙasa yake yi, yana iya rarrafawa har murhun mai ƙosai da ke gefe ba tare da kowa ya gan shi ba. Hucin da kake ji ma kuɗinsa ne ke bin iska.