Tambaya da Amsa: Ina Za Mu Samo Kuɗin Kula da Ɗalibai Masu Damuwa?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Hajiya. Ni malama ce a wata makarantar sakandaren 'yan mata ta kwana a jihar Katsina. Turanci nake koyarwa, amma shekara biyu ke nan da aka ɗora mini aikin ba ɗalibai shawara, babu ofis, babu ko sisi. Tun da aka fara satar ɗalibai yaranmu suka canza. Akwai wadda ko ƙofa aka buga da dare sai ta zabura tana ihu. Akwai wadda aka kashe mahaifinta a gona, ta daina magana da kowa. In yarinya ta faɗi sai a ce iska ce, a kira iyayenta su tafi da ita, wasu ba sa dawowa. Na kai kuka wurin shugabar makaranta, ta ce ita ma da abincin yara take fama. Don Allah, ina ake samun tallafi na irin wannan aiki?

Daga wata malama, jihar Katsina

AMSA

Wa alaikumus salam, Malama. Allah Ya saka miki da alheri, Ya jiƙan mahaifin yarinyar nan. Sau biyu na karanta wasiƙarki, don ni ma na riƙe wannan aiki shekaru da dama kafin in yi ritaya, kuma yadda aka ba ki shi haka aka ba ni, da baki kawai.

Kada ki ga laifin shugabarki. Wadda ke lissafin buhun masara ba za ta ji ki ba in kika zo mata da magana dunƙule, wai a kula da lafiyar ƙwaƙwalwar ɗalibai. Ni ma nan na fara tuntuɓe. Na rubuta takarda shafi shida na kai wani ofishi, na yi ta sintiri wata huɗu, ƙarshe aka ce takardar ta ɓata. Daga baya na gane ko da ba ta ɓata ba, babu mai iya biyan abin da na rubuta, don ban faɗi abu ɗaya da za a saya ba. Ki zauna da biro ki farfasa buƙatar. Ɗaki mai ƙofa da labule. Akwati mai kwaɗo na ajiye bayanan yara. Kuɗin motar kai yarinya asibiti da dawo da ita, da na malamar da za ta raka ta. Kuɗin magani ga wadda iyayenta ba su da hali. Horon kwana biyu ga malamai da masu kula da ɗakunan kwana. Kowane ki sa masa farashinsa na yau. Za ki ga kowane da ƙofar da ta dace da shi, kuma wasu ma ba kuɗi suke nema ba.

Ɗakina na farko sito ne na karyayyun kujeru. Ni da 'yan aji biyar muka kwashe su ranar wata Asabar, muka share kashin jemage, na kawo tabarma da labule daga gida. Yarinyar da ta fara shigowa ba ta ce mini uffan ba. Ta zauna a bakin tabarma tana murza gefen hijabinta har aka buga ƙararrawa, ta tashi ta tafi. Haka ta yi sau uku. A zuwa na huɗu ne ta ce, "Malama, ba na iya barci." Abin da ya buɗe bakinta ƙofar da ake rufewa ce, da sanin cewa maganar ba za ta kai ɗakin malamai ba.

Ƙofar farko tana cikin makarantarku, wato SBMC, kwamitin iyaye, malamai da mutanen gari mai kula da makarantar. Ki nemi a ba ki minti goma a zamansu na gaba, ki roƙi a sa aikinki cikin tsarin raya makaranta na shekara. Wannan shi ne ginshiƙi, domin duk tallafin da ke bi ta hannun kwamitin, abin da ke rubuce a tsarin ake kashe wa. Katsina na cikin jihohi bakwai na farko da suka shiga shirin AGILE na bunƙasa ilimin 'yan mata, wanda Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 500 a 2020, tare da Kano, Kaduna, Kebbi, Borno, Filato da Ekiti, kafin a ƙara wasu jihohin a 2023. Shirin na ba makarantu kuɗin gyara ta hannun SBMC, kuma yana da ɓangaren koya wa 'yan mata dabarun zaman duniya a ƙananan rukunoni, ƙarƙashin malama mai horo. Ki tambayi shugabarki ko makarantarku na ciki da kuma wa ke riƙe da wannan ɓangaren, ki haɗa kai da ita. Sai dai shiri ne mai wa'adi, kada ki jingina komai da komai a kansa.

Hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa kuwa, wato UBEC, wadda dokar 2004 ta ware mata kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, firamare da ƙaramar sakandare take ɗauka, ta hannun takwararta ta jiha, wato SUBEB. In kuna da 'yan aji ɗaya zuwa uku, ki nemi a sa sunanki cikin masu zuwa horon malamai. Asusun TETFund kuwa kada ki ɓata takalminki, na makarantun gaba da sakandare ne.

Duk takardar da za ki rubuta wa ma'aikatar ilimi, ta bi ta hannun shugabarki da ofishin shiyya, kuma ta isa kafin a rufe shirya kasafin shekara mai zuwa. Ki dogara da abin da gwamnati ta faɗa da bakinta. Manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi masu ba da shawara a makarantu. A Janairun 2023 aka sanar da sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958, har ta tanadi asusu na musamman. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin bakwai na 'yan shekara 10 zuwa 19 na fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa. Sannan babu jami'in da ke Katsina da zai ce ya manta da ɗaliban Ƙanƙara sama da 300 da aka kwashe a Disambar 2020, ko 'yan matan Jangebe a Fabrairun 2021. Shafi ɗaya ya isa.

Amma in gaya miki gaskiya, Malama, kuɗin da ya riƙe aikina shekara da shekaru ba daga gwamnati ya fito ba. Daga tsofaffin ɗalibai ya fito. Kin ga yadda tsofaffin ɗaliban kwalejojin Barewa da Rumfa ke tsaya wa makarantunsu. To 'yan matanku ma sun zama likitoci, nas-nas, 'yan kasuwa, kuma kowane aji na da zaurensa a WhatsApp. Sun saba a roƙe su fenti da rijiyar burtsatse, abin da za a ɗauki hoto a gabansa. Ni da na je taronsu ban yi dogon jawabi ba. Na ce su tuna wadda aka zo aka ɗauka da dare a zamaninsu, ba ta sake dawowa ba. Zauren ya yi tsit, don kowace ta tuna da wata. A ranar suka ɗauki nauyin kuɗin mota da magani, kowane aji da zangon da zai biya. Wata nas a cikinsu ta riƙa zuwa sau ɗaya a wata, kyauta.

Ki rarrabe zakka da wakafi. Zakka tana da mutanenta takwas da Suratut Tauba ta lissafa, ba a gyara ɗaki da ita, amma marainiya matalauciya da ke buƙatar magani ta cancanta, kuma jihohi irin su Sakkwato, Kano da Zamfara na da hukumomin zakka da wakafi da ake kai wa irin wannan buƙata. Wakafi ya fi faɗi. In attajiri ɗaya na garinku ya tsayar da shago guda, kuɗin hayarsa na shiga asusun wannan aiki, kin samu abin da ba ya ƙarewa da ƙarewar wa'adin kowa. Liman ne zai buɗe miki wannan ƙofa. Ki je masa tare da shugaban SBMC, kuma kada ki je da faɗa da masu cewa iska ce. A yi addu'a, a yi ruƙiyya, a kuma kai yarinya likita ya duba, don wata faɗuwar farfaɗiya ce, wata firgici ne, kuma duka suna da magani.

Horo kuwa sau da yawa wasiƙa ce kawai ke kawo shi. Asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Dawanau a Kano da na Maiduguri suna da ma'aikatan da ke fita wayar da kai, musamman wajen 10 ga Oktoba, ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya. Hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, NDLEA, ma na shiga makarantu kan shaye-shaye. Naku shi ne mota da abinci. Manyan gidauniyoyi irin ta TY Danjuma ƙungiyoyi masu rajista suke ba tallafi, don haka sai kun haɗa kai da wata ƙungiya, ko tsofaffin ɗalibanku su yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, wato CAC.

Abu uku nake roƙon ki. Duk wanda ya ce ki biya kuɗin fom kafin a ba ki tallafi, ɗan damfara ne. Kada ko kwabo ya shiga asusunki na kanki. A buɗe na kwamiti, mutum biyu ko uku ke sa hannu, rasit kuma a liƙe shi a littafi, kowane ƙarshen zango a tura wa masu bayarwa. Na ukun shi ya fi mini nauyi: kada sunan yarinya ko hotonta ya fita wajen neman kuɗi, ko da mai bayarwa ya nema. Ki ce "ɗalibai huɗu aka kai asibiti a wannan zango," ki tsaya nan. Gobe za a zo neman aurenta, kuma kin san bakin mutane.

Ita kuwa yarinyar da ta daina magana, kada ki jira a samu kuɗi. Ki kira mahaifiyarta ko wanda ke riƙon ta cikin makon nan, ku shirya kai ta asibiti. In ta taɓa furta cewa ta gaji da rayuwa, kada a bar ta ita kaɗai ko da dare ɗaya, a tafi da ita a ranar. Ki sake rubuto mini bayan zaman SBMC ɗin, ina son jin abin da suka ce.