Ƙwayoyin hublon da kitsen hanta: amsa ga Hajiya

Hajiya, kin ce hoton ekografi ya nuna kitse a hantarki, kuma wata mai kawo kaya ta tallata miki ƙwayoyin hublon, wai suna narkar da shi. Ki riƙe kuɗinki tukuna.

Hublon furen wani tsiro ne da Turawa ke sa wa giya don ɗaci. Shi kansa ba barasa ba ne. Abin da masana ke bi a cikinsa sinadari ne mai suna zantohumol. A 2021 masu bincike na jami'ar jihar Oregon a Amurka sun gwada shi a kan ɓerayen da aka ɗura wa abinci mai maiƙo, kitsen hantarsu ya ragu. Wanda ya fi aiki ma wani nau'insa ne da aka sarrafa, TXN, ta hanyar danne furotin PPAR-gama mai sa hanta tara kitse. Amma fa ɓeraye ne. Gwajin da aka yi wa mutane masu lafiya, miligiram 24 a rana har sati 8, don a ga ko yana cutarwa ne, ba ko yana warkarwa ba.

Ƙwayar kasuwa kuwa galibi garin furen ne, ba a rubuta yawan zantohumol ɗin ba, kuma hanji ba ya tsotse shi sosai. A ciki, wani ɓangarensa kan rikiɗe ya koma sinadari mai aiki irin na estirojin, sinadarin mata. Shi ya sa mai juna biyu, mai shayarwa ko wadda ta taɓa ciwon dajin mama su nisance shi. Hublon yana sa barci, kada a haɗa da maganin barci. Na ruwa da ake ɗigawa sau da yawa da barasa ake jiƙa shi, a duba kwali.

Abin yi: ki koma wajen likita a gwada miki hepatit B, don ya yi yawa a yankinmu kuma yakan ɓoye shiru, sai ALT da AST (gwajin jini na lafiyar hanta), sukarin jini da ƙwayoyin daskarar da jini. Da ALT, AST, ƙwayoyin daskarar da jinin da shekarunki ake lissafin da ake kira FIB-4, a gane ko hantar ta fara tauri.

Maganin da aka tabbatar shi ne rage nauyi da kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari. Mai kilo 80 ta sauke 6 zuwa 8, sannu-sannu, kamar rabin kilo a sati; saukewa da gaggawa na iya tsananta ciwon. Sukari na yin ɓarna a nan: lemun kwalba, shayin da ake zuba wa sukari har ya yi danƙo, fura da sukari cokali uku. Tafiya da sauri minti 30, kwana biyar a sati, bayan la'asar in rana ta yi sanyi. Gyaɗar da ta yi funfuna a zubar, gubar aflatoksin da ke cikinta hanta take ci.