Amsa ga ɗan yayata kan gidan dala dubu ɗaya a Detroit

Kai ne na huɗu da ya turo min wannan bidiyon na TikTok, wai a birnin Detroit na Amurka ana sayar da gida dala 1,000 kuma gwamnati ta ba ka kuɗin gyara, saboda haka kawu ya taimaka ka samu bizar karatu, kana sauka ka sayi biyu ka zuba ƴan haya. Toh ɗana, zauna ka ji.

Gidan dala 1,000 akwai shi, ba ƙarya suka yi ba. Hukumar Detroit Land Bank ce ke gwanjonsu, daga 1,000 ake fara tayi amma ba lallai a tsaya nan ba. Abin da mai bidiyon bai nuna maka ba shi ne cikin gidan. Kango ne wallahi, ɓarayi sun yanke wayoyin wuta sun cire bututun tagulla, injin ɗumama gida babu, rufi na yoyo shekara da shekaru, sannan sai ka sa hannu cewa cikin wata shida za ka gyara shi, in ka kasa suna iya karɓe abinsu, kuɗin da ka zuba kuma ya bi ruwa.

Taimakon ma akwai, ni kaina na ci moriyarsa, shi ya sa raina ke ɓaci in na ji ana cewa kyauta ce. Hukumar gidaje ta jihar Michigan, MSHDA, tana ba da har dala 10,000 na kafin alƙalami. Ba kuɗin ruwa, ba biyan wata-wata, amma ranar da ka sayar da gidan za su karɓi abinsu cas. Kafin nan sai ka zauna ajin koyon sayen gida, ka kawo takardun haraji da na albashi, kuma makin kiredit ɗinka ya kai 640. Ka san mene ne kiredit? Tarihin bashin da ka ci ka biya a kan lokaci ne. Ni da na zo ina taƙama ban taɓa cin bashin kowa ba, ashe a nan wanda bai taɓa cin bashi ba ba a san shi ba, ko ɗakin haya sai da wani ɗan Ghana ya tsaya min. Shekara 11 na yi ina haya kafin na riƙe makullin kaina, ina tuƙin dare ina aikin rana, babu wanda ya miƙo min komai a faranti.

Bashin sayen gida na FHA, wanda gwamnatin tarayya ke tsaya wa, da kowa ke ambato, mai kafin alƙalami kashi 3.5 cikin ɗari, tun watan Mayun 2025 aka daina ba wanda ba shi da takardar zaman dindindin. Kai kuma da bizar karatu awa 20 kawai aka yarda ka yi aiki a mako, shi ma a cikin makaranta. Da wane albashin za ka tsaya gaban banki?

Maganar riba kuwa kowa da malaminsa. Akwai kamfanonin ba da kuɗin sayen gida Guidance Residential da UIF masu tsarin Musulunci, amma su ma sai sun duba kiredit da albashinka, ba sadaka suke rabawa ba.

Gyara shi ne ya fi ci min rai. Birnin Detroit na da bashin gyaran gida marar ruwa, daga dala 5,000 zuwa 25,000, a biya cikin shekara goma, amma sai gidan naka ne, kana zaune a ciki, inshora na aiki, haraji ba ya binka. Ni ban yi haƙurin bin layin cike fom ba, na ga sanyi na matsowa rufi na zuba, sai na ɗauko wani ɗan kwangila da aka ce min mai sauƙi ne, na ba shi rabin kuɗi a hannu ba takarda ba shaida kamar ina Kurna, ya yaye rabin rufin ya shimfiɗa leda ya kashe waya. A Janairun nan bututu ya daskare ya fashe, ni da matata da yara muka kwana uku a falo da bargo da ƴar hita ɗaya, ruwa cike da ɗakin ƙasa. Ban gaya wa kowa a gida ba, a satin ma babarka ta kira tana neman gudummawar biki kuma na tura.

Sai haraji. A gida in ka gina ka gina, nan kuwa ko ka gama biyan banki harajin gida na nan duk shekara, ka yi shekara uku ba ka biya ba gundumar Wayne da Detroit ke ciki ta ƙwace ta yi gwanjonsa. Da yawa daga kangwayen da kake gani a bidiyo ta haka masu su suka rasa su.

In karatun kake so da gaske turo min sakamakonka na digiri da kwas ɗin da kake nema, zan duba maka makarantun da ke ba da tallafi. Amma don Allah ka faɗa wa Yaya kar ta taɓa filin nan nata saboda wannan bidiyon, zan kira ta da kaina ranar Lahadi in na taso aiki.